Filin Tambaya da Amsa: Farar Kujerar Fata a Zafi da Ƙurar Sakkwato

Wasiƙu da dama sun taru mana a kan kujerun mota na fata masu hasken launi, wato fari, ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da ruwan toka. Mun zauna da masu ɗinkin kujerun mota da masu wankinta da ke taimaka wa wannan fili, ga abin da suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wata Toyota Camry 'yar Kwatano, injinta lafiya lau, sai dai kujerunta na fata ne ruwan madara. Abokaina sun ce kada in kuskura, wai ko shekara ba za ta yi ba za ta fita hayyacinta. Ina da yara ƙanana huɗu. In saya, ko in nemi mai baƙar kujera? Daga wani magidanci, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. In dai sauran motar ta yi maka, launin kujera kada ya hana ka. Fatar da ake sa wa mota, fara ce ko baƙa, jima ɗaya aka yi musu. Fatar saniya ce da aka jeme, galibi da sinadarin kurom, aka fere ta ta koma kaurin milimita 1 da 'yan kai, sannan aka fesa mata fenti, aka bi fentin da wani siririn rufi na roba wanda bai kai kaurin takarda ba. Abin da hannunka ke taɓawa wannan rufin ne, ba fatar kanta ba. Saboda haka ƙarfin fara da baƙa ɗaya ne, kuma dattin da ke hawa kansu ɗaya ne. Kamar farar shadda ce da baƙa a jikin mutum ɗaya: duka sun sha gumi, amma farar ce ke fallasa wuyan riga.

A garin nan ma fara tana da abin da ta fi baƙa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma motar da aka kulle a rana iskar cikinta kan haura digiri 60. Baƙar kujera tana shanye zafin rana fiye da fara, duk wanda ya taɓa zama kanta bayan sallar Azahar ya sani. Zafin nan shi ne ke busar da fata ya tsattsage ta. Sannan ƙurar hunturu launinta ya fi kusa da ruwan madara. A kan baƙar kujera kuwa kwana ɗaya ya isa ka rubuta sunanka da yatsa.

Inda fara take da rauni na gaske wuri ɗaya ne: rini. Shuɗin wando jins, sabuwar shadda mai zuba, lalle, tawadar biro. Baƙa ma tana ɗauka, ba a dai gani. In za ka iya goge kujera minti 10 a mako, ka kuma hana yara cin abu mai manja a baya, ba ka da matsala.

Kafin ka biya, duba abubuwa uku. Fara da gefen kujerar direba, tudun nan da cinya ke gurza wajen shiga da fita, domin nan ne rufin ke fara cinyewa. In ka ga wurin ya yi duhu kuma yana da kaushi, fenti ya tafi, wanki ba zai dawo da shi ba. Sai ka duba ko an yi wa kujerun sabon fenti don sayarwa: zaren ɗinki zai kasance launi ɗaya da fatar kuma ya yi tauri, ƙananan hujojin kujera sun toshe, wani lokaci tana ɗan manne wa tafin hannu. Jiƙa farin ƙyalle ka murza wani lungu; in launi ya biyo ƙyallen, fentin banza ne, wata biyu zai fara ɓarewa. Na uku, tura kujera baya ka leƙa ƙarfen da take gudu a kai. Tsatsa a wurin tare da warin rima alama ce ta motar da ruwa ya taɓa cinyewa, kuma wannan ya fi launin kujera zama abin tsoro.

A sani kuma, ba duk abin da dillali ya kira fata ne fata ba. Toyota na da SofTex, Lexus na da NuLuxe, Mercedes na da MB-Tex, BMW na da Sensatec, duk fatar roba ce ta masana'anta. Ba aibi ba ne, sau da yawa ma ta fi jure wa yara. Ko a motar da ke da fata ta gaske, galibi mazauni da majingina ne kawai fata, gefe da baya roba ne.

Tambaya: Yaran da ke wanke mini mota suna zuba omo a bokiti su dirje kujerun da soso. Ranar tana yin fes, amma yanzu na lura tana saurin yin datti fiye da da, ta kuma fara yin kaushi. Mene ne daidai? Daga wata ma'aikaciya, Arkilla.

Amsa: Hajiya, a dakatar da su daga yau. Fata tana son abu mai ɗan tsami-tsami. A ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna tsamin abu ko kaifinsa irin na kanwa, tana zaune wajen 5. Garin omo a ruwa kuwa yana kai wa 10, wato can ɗaya ɓangaren. Yana fitar da datti, gaskiya ne, amma tare da dattin yake cin rufin, kuma abin da ya ratsa ta ɗinki ya shiga ciki yana tsotse man da aka sa wa fatar tun a masana'anta. Soson wanke-wanke mai kore a baya shi kuma yana kankare saman. Da zarar rufi ya yi kaushi, datti ya samu wurin maƙalewa. Shi ya sa kike ganin kullum ana wankewa, kullum tana ƙara baƙi.

Ga yadda ake yi. A kai motar inuwa a bar kujerun su huce, da safe ya fi. In kujera na da zafi ruwan sabulu zai bushe kafin a goge shi, ya bar zane. A fara da cire ƙura a bushe: injin zuƙe ƙura mai burushi a baki, ko busasshen burushin fenti mai laushi, a bi duk ɗinki da lungun da mazauni ya haɗu da majingina. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi muhimmanci a ƙasarmu. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, in aka sa jiƙaƙƙen tsumma a kanta aka murza, an yi wa kujera aikin sanfefa.

Sannan a haɗa ruwa mai ɗumi lita 1 da sabulun wankan jarirai na ruwa cokalin shayi 1. In an samu sabulun fatar mota na musamman, wanda aka rubuta wa pH na tsaka-tsaki a jikin kwalba, ya fi. A tsoma burushi mai laushi, irin na goge takalmi amma sabo wanda bai taɓa ganin folish ba, a karkaɗe shi, kumfa ake so ba ruwa ba. A ɗauki wuri kamar taƙi ɗaya da rabi kowane gefe, a zagaya burushin a hankali daƙiƙa 20 zuwa 30, ba da ƙarfi ba. Za a ga kumfar ta koma ruwan ƙasa. Nan take a ɗauke ta da farin tawul mai laushi, a bi da wani tawul da aka jiƙa da ruwa zalla aka matse sosai, a ƙare da busasshe. Tawul uku ke nan, kuma farare, domin mai launi shi ma yana iya zuba. In wuri bai fita ba a sake zagaye na biyu, kada a ƙara ƙarfin hannu.

Kujerar da ke da ƙananan hujoji, musamman mai hura iska ko mai ɗumama jiki, kada a fesa mata ruwa kai tsaye. Ruwan zai bi hujojin ya sauka cikin soso, ya yi wari, ga kuma wayoyi da fanka a ƙasa.

Alamar an wanke da kyau ita ce kujera ta daina ƙyalli. Sabuwar fatar mota ba ta sheƙi. Ƙyallin da ake gani a sitiyari da kujerar direba maiƙon jiki ne da gumi da aka murje. Shi ya sa ba mu son man ƙyallin dashbod da 'yan wanki ke fesa wa kujera don su burge mai mota: yana sa santsi, yana kama ƙura, kuma ranar da za a yi wa kujerar gyaran fenti sai an sha wahala kafin a fitar da shi. Irin wannan wankin sau ɗaya a wata 2 ko 3 ya isa. A tsakani, a share ƙura a goge da ɗan danshi sau ɗaya a mako, lokacin hunturu sau biyu.

Tambaya: Na sa sabuwar shadda mai ruwan bula ranar Juma'a, na tuƙa zuwa Tambuwal na dawo. Da na sauka sai na tarar majinginar kujera ta yi shuɗi. Yau mako uku, na gwada sabulu bai fita ba. Wani ya ce in sa fetur. Daga wani ɗan kasuwa, Runjin Sambo.

Amsa: Malam, fetur, kananzir, tina, ruwan cire farce da haifo, ko ɗaya kada ya kusanci kujerar. Za su cire shuɗin, amma da fentin za su tafi, a bar ka da tabon da ya fi na farko muni.

Abin da ya faru shi ne, tufafin da aka rina da yawa akwai ragowar rini a saman zarensa wanda bai kama ba. Baba, wato rinin jins da na turkuɗi, dama can a bayan zare yake kwanciya ba ya shiga ciki, shi ya sa yake zuba har tufa ta tsufa. Ka haɗa wannan da gumin baya, da gogayyar tafiya mai nisa, da kujera mai zafi wadda rufinta ya yi laushi, sai rinin ya fara nutsewa. Ranar farko yana sama, jiƙaƙƙen tawul da sabulun jarirai sun isa. Bayan mako guda a rana ya shiga cikin rufin. Naka na mako uku ya yi nisa, amma a gwada kafin a yanke ƙauna.

Fara da wankin da muka bayyana wa Hajiya, zagaye uku, kana barin kumfar ta zauna minti 1 kafin ka ɗauke. Yawanci wannan zai rage shi sosai. In da saura, nemi maganin cire rini na fatar mota a shagunan kayan kwalliyar mota. In babu, mataki na ƙarshe shi ne sifirit na kemis: haɗa shi rabi da rabi da ruwa, gwada a ƙasan kujera inda ba a gani, sannan ka ɗiga a auduga ka riƙa dangwalawa, ba murzawa ba. Duba audugar bayan kowane dangwale. Muddin shuɗi ne ke fitowa, ci gaba. Da ka ga launin kujerar kanta ya fara biyo auduga, ko wurin ya fara danƙo, tsaya, goge da ruwa. Abin da ya rage daga nan sai mai fenti.

Gaba kuma, sabuwar shadda ko jins mai duhu, a wanke su sau biyu kafin a yi doguwar tafiya da su, ko a shimfiɗa farin tawul a kujera. Baƙin bel na fata da jakar hannu ta mata su ma suna barin layi. Akwai kuma maganin kariya na ruwa da ake shafa wa kujera bayan wanki, yana yin wani siririn shamaki da rini ke tsayawa a kai maimakon ya ratsa. A kujerar direba a sabunta shi duk wata 3, domin gogayya na cinye shi.

Tambaya: An ɗauko amarya da ƙawayenta a motata, yanzu ga tabon lalle a madogarar hannu, ga na turare, yara kuma sun zubar da soɓorodo. Daga wani direba, Gidan Igwai.

Amsa: Kowanne da maganinsa, Malam. Soɓorodo, lemo, shayi da fura duk na ruwa ne: a dangwale da tawul tun da ɗanyensu, a bi da ruwan sabulu. Fura da nono in sun gangara cikin ɗinki sai an bi da burushin haƙori mai laushi, in ba haka ba kwana biyu motar za ta ɗauki tsami. Jan yawun goro shi ma yana fita in ba a bar shi ya kwana a rana ba.

Maiƙo, irin na manja, tsire ko kilishi, a ɗauke na sama da takarda mai tsotsa, a barbaɗa hoda ko garin sitaci a bar shi ya kwana, da safe a share a wanke. Manja yana da jan launi nasa, saboda haka ko mai ya fita wani lokaci rawaya na saura, sai an maimaita.

Turare ya fi su ɓarna. Na fesawa akwai sifirit a ciki, na mai kuma yana narkar da rufi a hankali, shi ya sa wurin ke yin danƙo. Haka ruwan tsabtace hannu da maganin sauro na shafawa. A wanke da sabulu a bari ya bushe kwana biyu. In danƙon bai tafi ba, rufin ya ƙone.

Lalle kuwa aikinsa ke nan ya kama fata. A kan lafiyayyen rufi, in an goge shi cikin 'yan mintuna, yana fita. In ya samu wurin da rufi ya cinye, ko ya bushe a kai, ya zauna ke nan. Baƙin lalle na zamani ya fi ja taurin kai, domin rinin gashi ake haɗa shi da shi. Madogarar hannu ƙaramin yanki ce, sake mata fata ya fi sauƙi da arha a kan dogon gwaje-gwaje.

Tambaya: Kakanninmu man kaɗanya da man shanu suke shafa wa sirdi da takalmi. In shafa wa kujerun motata don kada su tsage? Daga wani dattijo, Wurno.

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba. Ga sirdi da linzami hakan daidai ne, domin fatarsu jimar bagaruwa ce, a buɗe take, tana shan mai. Ta mota a rufe take da fenti. Man zai tsaya a sama ya kama ƙura, wanda ya shiga ta tsaga kuma ya jiƙa fatar daga ƙasa ya sa fenti ya saki, ga duhun tabo a farar kujera, ga warin mai in rana ta dafa shi. Basilin, man gyaɗa da man zaitun duk hukuncinsu ɗaya. In ana so a tabbatar, a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kujera: in ya tsaya dunƙule, rufi na nan, ba ta buƙatar mai. In ya nutse ya bar duhu, ko dai rufin ya cinye, ko kuma irin fatar nan ce mai tsada ta wasu manyan motoci, wadda ke da nata man na musamman.

Abin da ke tsaga kujera a nan rana ce da bushewar iska. A tsakiyar hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Gogewa da tawul mai ɗan danshi na taimakawa, amma inuwa ta fi komai. Rumfa ko gindin dogonyaro, in babu a sa abin tare rana a gilashin gaba, a kuma yafa farin zane a kujerar da rana ke duka. Gilashin gaba yana tare mafi yawan hasken nan mai ƙona fenti, na gefe ne ke barin sa ya wuce, shi ya sa kafaɗar kujera ta wajen taga da saman kujerar baya ke fara ƙoƙewa. Takardar gilashi mai tare zafi na da amfani, akwai ma marar duhu. Mai duhun kuwa doka ta ce sai da izinin 'yan sanda.

Tambaya: Gefen kujerar direba ya tsattsage, layukan sun yi baƙi. A yi fenti, a sa riga, ko a sake fata? Ko za a iya amfani da jar fatarmu ta gida? Daga wani malamin makaranta, Bodinga.

Amsa: Malam, danna wurin da babban yatsa tukuna. In ya lotsa bai dawo ba, soson ciki ne ya mutu, fata na naɗewa a wuri ɗaya kullum har ta karye. Duk gyaran da aka yi ba a ƙara soso ba, wata shida zai koma.

In layukan a fenti kawai suke, fatar ba ta rabu ba, gyara zai yi. Mai aikin zai wanke, ya cire maiƙo, ya bi da sanfefa mai laushi lamba 600 zuwa 800, ya cike tsagar da abin cikewa mai lanƙwasa, ya fesa fentin fata siriri-siriri sau 3 zuwa 5 yana barin kowanne ya bushe, ya rufe da rufi marar ƙyalli. A bar kujerar kwana 2 ba a zauna ba. Fentin jikin mota ko na gwangwani ba ya lanƙwasa, zama kaɗan zai farfashe. Haɗa launi a farar kujera ya fi wuya, domin ruwan madara kala-kala ne kuma rana ta riga ta sauya na motarka. A gwada a ɓoyayyen wuri a duba a hasken rana bayan ya bushe, kuma a fesa yanki guda daga ɗinki zuwa ɗinki, kada a yi faci a tsakiya. In kuwa fata ta rabu har ana ganin soso, a farke wannan yankin kaɗai a ɗinka sabo.

Fatar jar akuyar Sakkwato sunanta ya kai Turai tun zamanin fatake, amma ba ta kujerar mota ba ce. Ƙarama ce, sai an yi ta haɗe-haɗe kafin a rufe mazauni ɗaya, ba ta kai ta saniya kauri ba, tana shan gumi, rana na sauya mata launi, kuma jan rininta zai koma kan farar rigarka. A matashin jingina ko abin riƙe makulli ta yi kyau.

Riga kuma, a kula da abu biyu. Ta roba mai arha tana tara zafi da gumi, ƙura ta shige ƙarƙashinta tana gurzar fata ba a gani, wadda cikinta baƙi ne ko ja ma tana iya rina kujerar da aka sa ta don ta kare. A zaɓi ta auduga mai haske, a cire a kakkaɓe duk mako biyu. Na biyu, duba gefen majingina ta wajen ƙofa. In akwai ɗan tambari mai rubutun SRS, jakar iska na ciki, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne da zaren da zai tsinke lokacin haɗari. Kada a rufe wannan gefen da riga marar tsaga, kada kuma a bar mai ɗinki ya maimaita shi da zare mai ƙarfi.